Kin Ce Da Sauƙi, Zulaihatu

Ku da kuke bibiyar abin da nake rubutawa a nan, ku ji ni kafin ku karanta. Wannan wasiƙa ba taku ba ce, ta 'yata ce, kuma ta riga mu gidan gaskiya. Na buɗe ta a gabanku ne don na gaji da faɗar magana a ɗaki tana mutuwa a ɗaki. Wanda zai karanta don ya samu abin kai wa maƙwabta, ya ji tsoron Allah ya wuce. Wanda zai ce na tona asirin gida, ya riƙe nasiharsa, na fi shi sanin darajar rufin asiri, da bakina na sha yi muku faɗa a kansa. Amma in akwai mai tari a gidanku, kun tambaye shi ya ce da sauƙi, to ku nemi wuri ku zauna.

Assalamu alaiki wa rahmatullah, Zulaihatu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sanyaya shi. Mu nan Gaya muna nan yadda kika bar mu. Babanku yana lafiya, sai ciwon gwiwarsa. Ƙannenki suna zuwa makaranta. Ruwa ya zauna, gero ya wuce gwiwa, an fara noma na biyu.

Dalilin wannan takarda shi ne Ummi. 'Yarki tana tari. Yau da safe na kira Ajingi, surukarki Iya Tabawa ta ɗauka. Muka gaisa, na tambayi jikin yarinya. Ta ce, “Da sauƙi, Hajiya, da sauƙi sosai.” Ta bayan muryarta ina jiyo tarin. Irin naki ne sak, sai dai daga ƙaramin ƙirji yake fitowa. Na ajiye wayar na rasa wanda zan gaya wa, shi ya sa na zo gare ki.

Da faɗa zan fara, kin san ni, kuma rashinki bai canza min hali ba. Kin yi kuskure, Zulai. Na koya miki haƙuri, ban kuma yi nadama ba. Ko yau Allah Ya ba ni wata 'yar, shi zan koya mata, don gidan marar haƙuri ba ya zama gida. Amma haƙuri daban, ɓoye ciwo daban. Jikin nan da kika yi shiru a kansa amana ne a hannunki, ba naki ba ne ke kaɗai. Ummi tana da haƙƙi a cikinsa. Ni ma ina da shi.

Tun kina ƙarama haka kike. Ƙaya ta shige miki tafin ƙafa a hanyar makaranta, kika yi ta takawa a kanta har wurin ya yi ruwa. Ba wanda ya sani sai da na ga kina alwala kina ɗage ƙafa ɗaya. Goggonki tana cire miki tana cewa, “Wannan ko yanka ta ake yi, sai ta ce wa mahauci sannu da aiki.” Muka yi dariya. Duk unguwa da ke ake yi wa yara misali.

Tarin ya fara da kaka, lokacin da aka kwaso gyaɗa gida, tsakar gidanku duk harawa. Kin zo Gaya sunan ɗan yayanki. Ina lura da ke a cikin mata, kina juya baya kina tari a cikin mayafi kamar mai ɓoye abin sata. Da na yi magana kika ce, “Ƙurar harawa ce, Umma, duk gidan haka muke.” Na haɗa miki zuma da citta da kanumfari, na ce ki riƙa sirace. Kika karɓa da hannu biyu, kika hau babur bayan mijinki, kuka tafi.

Aka gama kaka, harawa ta hau rufin ɗaki, kowa a gidan tarinsa ya tafi, naki ya zauna. Mijinki ya sayo maganin tari na kwalba a kemis. Zazzaɓi ya fara zuwa miki da yamma, aka ce na sauro ne, aka yi allurai. Ya dawo, aka ce taifot ne, aka sake wasu.

Ba na son a ɗora wa mutum laifin da bai yi ba, don haka zan faɗa a gaban kowa: mijinki Malam Tasi'u ya kai ki asibiti. Shi da bakinsa ya ba ni wannan labarin ranar sadakar uku, yana kuka kamar yaro. Ya ce kun samu wani matashin likita, ya sa abin sauraro a ƙirjinki da bayanki, ya ce abin da yake ji bai yi masa daɗi ba. Ya rubuta magani na mako guda, ya ba ki 'yar kwalba ki kawo kaki a gwada. Ya ce in magani ya ƙare ki dawo, in babu sauƙi zai tura ki a ɗauki hoton ƙirji.

Kin ji kalmar da ya rataya ranki a kai? In babu sauƙi. Shi yana nufin sauƙin likitoci, wanda ake aunawa. Ke kuma sauƙin da kika sani shi ne na Hausawa, wanda ake amsa gaisuwa da shi.

Maganar kwalbar kuwa daga bakinki na ji ta, daga baya, a Kano. An nuna miki wani fili a bayan ɗakin gwaji, ga maza jere a kan benci suna jiran layi. Ana so ki ja numfashi ki kakaro abin da yake can ƙasan ƙirji. Ke da ko a gabana ba ki taɓa yin kaki ba. Sai kika juya baya, kika tofa yawu a ciki, kika rufe, kika miƙa. Na'urar gwaji ba ta san kunya ba, abin da aka ba ta shi take dubawa. Sakamako ya fito babu komai.

Da kuka koma, ɗakin likita a cike, wasu har a bakin ƙofa. Ya ɗago kai ya ce, “Malama, yaya jikin?” Kika ce, “Da sauƙi, alhamdulillahi.” Ya duba takardar gwaji, babu komai. Ya dubi mijinki, shi ma ya ce da sauƙi, don abin da kike gaya masa ke nan kullum. Aka sallame ku. Hoton ƙirjin nan ba a ɗauke shi ba sai bayan wata da watanni.

Na juya wannan rana a raina har na gaji. Wa zan kama? Likita ya yi tambaya, an ba shi amsa. Mijinki ya kai ki, ya maido ki. Ke kuma kin faɗi abin da uwarki take faɗa, da kakarki, da duk wanda kika taɓa zuwa dubawa. Mu mutum yana gargara a ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Kalma ce mai kyau, ba zan zage ta ba. Godiya ce, kyautata wa Allah zato ne, kuma tausaya wa mai dubiya ne don kada ya koma gida da nauyi. Amma wurinta bakin ƙofa, ba ɗakin likita ba. Likita ba gaishe ki yake yi ba, Zulai. Tambayarki yake yi.

Bayan nan sai gaisuwarki a waya ta fara gajercewa. Ke da kike bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har akuyar Goggo sai kin tambaya, kika koma ina kwana, an tashi lafiya, shi ke nan. Na ce, “Yaushe kika koyi gaisuwar 'yan birni?” Kika yi dariya, dariyar ta juye tari, kika ce ƙwarewa kika yi, kika kashe wayar.

Shugaban Islamiyyar da kike koyarwa ya zo mana ta'aziyya. Dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Ya ce shi ta karatu ya fara zargin wani abu. Yana wucewa ta bayan ajinki sai ya ji kina yanke aya a inda ba a tsayawa, ki ja numfashi, ki koma baya ki ɗauko. Ke da kike jan doguwar aya da numfashi ɗaya, yara suna binki suna haki. Ya ce ya aika matarsa ta tambaye ki. Kin san amsar da kika ba ta.

Azumi ya zo ya wuce, kin yi shi duka. Da ƙaramar sallah ba ki zo gida ba, aka ce hidima ta yi yawa. Kin san uwa ba ta zaryar gidan 'yarta, kuma na fi kowa riƙe wannan. Amma ranar na yafa mayafi, na ce wa Babanku Ajingi za ni, ban tsaya jin amsarsa ba.

Na same ki a bakin ƙofar ɗakinki kina tsintar wake. Kin sa kwalli, kin ɗaura ɗankwali mai kyau. Kika ɗaga hannu za ki gyara shi, awarwaronki ya zame har gwiwar hannu. Kika durƙusa ki gaishe ni, kika kasa tashi daga durƙuson, sai da kika dafa turmi. Na ce yaya jiki, don bakina bai san wata tambayar ba. Leɓenki ya yi duhu, kafaɗunki suna hawa suna sauka. Kika ce da sauƙi.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ce wa mijinki ya nemo mota.

A babban asibiti a Kano aka haɗa mu da likitar ƙirji, mace, ba ta girme ki da yawa ba. Ita ma ta ce yaya jiki, kika ba ta amsar da kike ba kowa. Ta yi murmushi ta ce, “To, wannan gaisuwa ce, na amsa. Yanzu mu yi magana.” Ta maƙala miki wani ɗan abu a yatsa mai nuna yawan iskar da take cikin jini. Da ta ga lambar, murmushin ya tafi. Ta ɗora hannu a bayanki tana ƙwanƙwasawa da yatsa. Ni da ba likita ba na ji bambancin: gefen hagu yana amsawa kamar ƙwarya a kife, na dama shiru kamar tulun da aka cika.

Ta yi ta tambaya. Kina jiƙa riga da gumi in kin kwanta? Kika ce kaɗan. Kin taɓa ganin jini a tari? Kika ce ba sosai ba. Kina iya share tsakar gida ba ki huta ba? Kika ce kina lallaɓawa. Sai ta ce, “A tsaye kike sallah ko a zaune?”

Nan kika sunkuyar da kai. A kan komai za ki iya sassauta magana, ban da sallah. Kika ce a zaune. Ta ce tun yaushe? Kika ce tun kafin azumi.

Ina zaune a gefenki, Zulai. Ni da na koya miki tsayuwa da ruku'u. Ashe duk ashamin da kike ce min kin yi, a zaune kika yi shi, ni kuma ina Gaya ina gaya wa mutane jikinki da sauƙi.

Aka ɗauki hoton. Ta ɗaga shi a haske ta yi min bayani a hankali. Ta ce huhu mai lafiya baƙi yake fitowa, don iska ce a cikinsa. Naki na dama fari ne daga ƙasa har kusan kafaɗa, ruwa ya taru ya danne shi. Na hagu kuma samansa duk ramuka, kamar icen da gara ta ci. Aka sa miki roba ta tsakanin haƙarƙari, ruwa ya yi ta fita, launin jiƙon tsamiya. Ina kallonsa ina tunanin da wannan kike ɗaukar Ummi, da wannan kike tuƙa tuwo.

Aka sake ba ki kwalba. Wata nas mai ƙiba, mai baki, ta kai ki bayan gini, ta kori mazan da suke wurin, ta ce, “Nan ba gidan surukai ba ne, amarya. Ja numfashi, kakaro!” Kika yi, hawaye suna zubo miki don kunya. Wannan karon na'ura ta ga abin da take nema.

Zan rubuta sunansa a fili, kowa ya gani. Tarin fuka ne. Tibi. Ba taifot ba ne, kamar yadda aka gaya wa masu zuwa ta'aziyya a Ajingi. Ba sammu ba ne, ba iska ba ce, ba kuma abin kunya ba ne. Ƙwayar cuta ce da ake shaƙa a numfashi, ba ta tambayar asalin mutum ko tarbiyyarsa.

Maganar da ta fi yanka ni ba sunan ciwon ba ce. Likitar ce ta ce min, “Hajiya, ciwon nan yana da magani, kuma kyauta ake ba da shi. Wata shida ake sha ba fashi. Mutane suna warkewa su koma gonarsu.” Na ce to tawa fa? Ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, sai dai an daɗe. Da a ce cuta ce wadda duniya ta rasa maganinta, da na fi samun inda zan jingina.

An fara miki maganin, an sa miki iska ta abin rufe hanci da baki. Dangi suka yi ta zuwa daga Gaya, daga Ajingi, har na Kademi. Kowa ya shigo sai ya ce yaya jiki, ke kuma sai kin janye abin iskar daga fuskarki kin amsa masa. Lambar da take jikin yatsanki ta sauka, ki mayar, ta ɗan hau, wani ya shigo. Har sai da na koma bakin ƙofa na zauna, na ce duk mai shiga ya yi addu'a ya fito, kada ya tambaye ki komai. Wasu sun ji haushina. Har yau akwai wadda ba ta gaishe ni.

Sau ɗaya kika gaya min gaskiya. Bayan la'asar ne, ina shafa miki mai a ƙafa. Kika kira ni, na matso da kunnena. Kika ce, “Umma, kamar an ɗora min dutsen niƙa a ƙirji. Na gaji.” Kafin na samu abin cewa kika ƙara, “Ki yafe ni, na yi ƙorafi.”

Ban amsa miki ba a lokacin. Ga amsar yanzu. Ba ƙorafi ba ne, 'yata. Ita ce maganar da na fi buƙata daga gare ki, da kin faɗe ta tun da kaka.

Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinSa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Amma Shi da Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani, Ya kuma umarce mu mu nema.

Kafin mu bar asibitin, likitar ta riƙe hannuna ta ba ni saƙo. Ta ce duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da ke a kai shi a duba, musamman ƙaramar yarinya. Ta ce yara ba sa iya kaki, amma akwai hanyar gwada su, har da bayan gidansu, a kuma ɗauki hoto. In an samu ciwon a yi magani, yara suna warkewa. In ba a samu ba ma akwai na kariya da ake ba su. Ta ce ba sai an zo Kano ba, a kusa da mu ma ana yi. Ta ce, “Kada ku jira sai ta fara tari.”

Ta fara, Zulai.

Mijinki ya je an duba shi a ɓoye, an ce ba shi da komai, alhamdulillahi. Ummi ce ba a kai ba. Tana hannun Iya Tabawa, kuma kin san sunanta yarinyar ta ci. Ba zan zalunci matar nan ba, ba muguwa ba ce. Ita take goya ta, ita take ba ta abinci a baki, tare suke kwana. Da na yi mata maganar gwaji ta ce, “Hajiya, mu ma mun haifa mun raina. Yarinyar da ta rasa uwa dole ta rame. Tarin kuma na damina ne, duk yaran unguwa suna yi.” Da na matsa sai ta sassauta murya ta ce, “In aka ji sunan ciwon nan a gidan nan, wa zai ƙara cin abincinmu? Ina da 'yanmata biyu a gabana.” Ina da amsa, na kuma ba ta. Na ce suna ba ya kisa, ciwo ne yake kisa. Ta ce Allah Ya kyauta, ta tashi ta kawo min fura.

Malam Tasi'u kullum maganarsa ɗaya: “Umma, ki ƙara min haƙuri, ina lallaɓa Iya.” Yaro ne mai biyayya, don haka ma na ba shi ke. Yau biyayyar ce ta tsaya tsakanina da jikata.

Na tura Babanku, na ce magana ta manyan maza wataƙila ta fi tawa nauyi. Ya tafi da safe, ya dawo da yamma da zabi biyu da gaisuwa mai yawa. Na ce yaya yarinyar? Ya ce sun ce da sauƙi. Na ce kai ka gan ta? Ya ce tana barci. Na ce maganar asibitin fa? Ya ce ai ba a shiga gidan mutane a kafa musu doka a kan 'yarsu. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min ciwo.

Makon jiya na koma da kaina. Kin tuna yadda take yi in ta hango ni, ta rugo tana ihun “Umman Gaya, tsohuwa mai faɗa,” ta hau laluben jakata tana neman alewa? Wannan karon a zaune na same ta a jikin bango, yara suna wasan 'yar tsana a gabanta, ita tana kallo. Na ɗauke ta. Hannuna ya san nauyinta na da, wannan bai kai ba. Bayanta da ɗumi. Ta kwantar da kai a kafaɗata, na ji numfashinta yana gudu a jikin wuyana.

Na ce, “Ummi, yaya jiki?”

Ta ce, “Da tauƙi.”

Ko harshenta bai gama iya furta kalmar ba, Zulai. Ba ta cika shekara huɗu ba. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Ji ta yi.

Wallahi a wannan lokacin na yi tunanin na goya ta, na yafa mayafi a kanta, na miƙe har tasha, duk abin da za a faɗa a faɗa. Ƙofar zaure a buɗe take. Na tsaya da yarinyar a hannuna ina kallon ƙofar. Sai Iya Tabawa ta fito daga madafi ta miƙo hannu ta ce, “Kawo ta, Hajiya, za ta gajiyar da ke.” Na miƙa ta.

Ni da ake cewa in na yi magana ko kaza ba ta motsi a gidana. Ni da mata suke kawo min 'ya'yansu na yi musu faɗa. Na san sunan ciwon, na san inda ake gwadawa, na san maganin kyauta ne, na san hanyar. Duk na sani, kuma ba abin da sanin ya ɗaga. Da ke na makara don ban sani ba. Da ita ina gani da idona.

Ki gaya min yadda zan yi. Ke kika zauna da su, kin san ta inda ake shiga zuciyar Iya. Ke da ba ki taɓa ɗaga mata murya ba, amma duk abin da kika roƙa tana yi miki. Ni faɗa na iya, kuma faɗa ba ya aiki a gidan da ba naka ba.

Na san wannan wasiƙa za ta kai Ajingi kafin gobe, akwai masu karanta wa Iya. Wataƙila ta sa a kai yarinyar. Wataƙila kuma ta sa a rufe min ƙofar gidan, na rasa ko ɗaukar da nake samu. Na auna duka biyun, ban san wanda zai faru ba. Abin da na sani shi ne na gwada shiru, na ga inda ya kai ni.

Zulaina. Ban cika kiranki haka kina ji ba. Ina kewarki a wuraren da ban zata ba. In na dama kunun gyaɗa sai na rage tsamiya, don ke ba kya son ya yi tsami, sai na tuna. In yaran maƙwabta suna hadda da yamma, kunnena yana neman muryarki a ciki. Kayanki da aka kawo min har yau ban raba ba, Goggonki tana ta yi min magana. Ba ki taɓa sa ni kuka ba kina raye, ko sau ɗaya. Da ma kin sa ni. Da ma ke mai raki ce, mai kai ƙara, wadda ƙaya za ta soka ta tara min unguwa. Da na yi ta yi miki faɗa, kina nan kina ji.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Numfashin da ya gagare ki a nan, Allah Ya musanya miki da iskar Aljanna. Ya sa Alƙur'anin da kika koyar ya zama abokin zamanki. Ya Allah, ga Ummi nan, Ka fi ni kusa da ita, Ka fi ni iko da zukatan da suke riƙe da ita. Ka tausasa su. Ka ba ta lafiya ta gaskiya, wadda likita zai gani a hoto. Amin.

Ikona bai wuce zauren gidan nan ba, na yarda. Amma daga zaure zuwa ƙuryar ɗaki nawa ne, kuma na tara su duka na gaya musu, har Babanku. A gidan nan an daina amsa min da “da sauƙi.” Wanda na tambaya yaya jiki, ya ce alhamdulillahi, sannan ya nuna min inda yake ciwo, ya faɗi tun yaushe. Tarin da ya ga Juma'a biyu, asibiti, ko mai shi ya so ko ya ƙi. In an ba shi kwalba, kaki zai kawo, ba yawu ba, ko da duk mazan Gaya suna kallo. Kuma ba mai shiga wurin likita shi kaɗai. Ni zan shiga da shi, in ya fara gaisuwa in katse shi.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Umma, daga Gaya.